Ƙarar Bututu

Yayata ce jami'ar kula da lafiyar ma'aikata a masana'antar kwanon rufi. Ni kuma mai dafa musu shayi ce, saboda haka duk gulmar da ake yi mata a kunnena take sauka. Uwar Doka suke ce mata, wai ta hana su sakat.

To, me ta yi musu? Cewa ta yi a sa hular kwano, a naɗe hannun riga, kuma kada a cire murfin da ke kare bakin injin lanƙwasa kwano. Shi ke nan laifin. Wanda ya fi ba ta ciwon kai kuwa Kawunmu ne, ƙanen mahaifiyarmu, da ke kan injin nan shi kaɗai a ɗakin baya. Kullum murfin yana jingine da bango.

"Kawu, injin nan zai ci hannunka," in ji ta.

"Ke, da hannun nan na goya ki," in ji shi.

Shi ne ma ya ƙirƙiro musu dabara. Akwai wani bututun ƙarfe da ya ratsa ɗakunan duka. Duk wanda ya hango Yayata, sai ya ƙwanƙwasa shi da sufana. Kafin ta iso an sa huluna, an mayar da murfi, kowa ya sunkuyar da kai kamar na Allah. Tana juya baya a tuɓe. Manya da gemu, wallahi, suna wasan ɓuya da hannayensu. Tana sane sarai. Ta roƙe su, ta yi faɗa, ta kai ƙara wurin manaja, ya yi dariya ya ce ai alama ce suna tsoronta.

Ran nan da hantsi tana zaune a wurina tana shan shayi, sai bututu ya ɗauki ƙara, ba ƙaƙƙautawa. Ta dube ni.

"Wa suke buga wa? Ga ni nan zaune."

Ta yar da kofin ta ruga, na bi ta. Abin da na gani a babban ɗaki har yau yana ƙona min rai: ƙarti reras, kowa da hularsa, kai a sunkuye, ana aiki tsaf. Ko mutum ɗaya bai ɗaga ido ya tambayi lafiya ba. Ashe Kawu ne. Injin ya ja hannun rigarsa ya haɗa da hannun, ƙarar injuna ta shanye ihunsa, makashin injin ya yi masa nisa, shi ne yake dukan bututu da hagu yana neman ɗauki. Ita ta kashe injin. Ita ta ɗaure dantsen da ɗankwalinta.

Hannun dai bai tsira ba, daga wuyansa likita ya yanke. A asibiti Kawu ya kasa haɗa ido da ita. Cokali kawai ta ɗauka tana ba shi abinci a baki, tana share hawaye da kafaɗa.

Da ta koma aiki na raka ta har bakin babban ɗaki, don na ga jikinta a sanyaye. Na ɗauka ko kunya za ta kama su. Ƙafarta ɗaya tana ciki, ɗaya tana waje, wani ɗan banza ya ƙwanƙwasa bututu.