Yadda Na Nuna wa Surukina Jimeta

Surukina, mahaifin matata, ya zo gidana a shekarar da mutanen daji masu bindiga suka shiga garinsu, can wajen Mubi. Kwana uku ya yi yana tafiya a ƙasa ta cikin duwatsu kafin ya sami motar da ta kawo shi Yola, daga shi sai rigar jikinsa da buta da carbi. Gidan ƙaninsa da ke unguwar Makama ya fara sauka, amma gidan ya riga ya cika da 'yan gudun hijira, har zaure an shimfiɗa tabarmi. Matata ta je ta gan shi, ta dawo tana kuka, washegari na je na ɗauko shi zuwa gidanmu da ke unguwar Karewa. Da ƙyar ya yarda ya shiga motata. Na ɗauka wahala ta ƙare ke nan, ashe ranar ta fara.

Ni Bahaushe ne, haihuwar Jimeta, malamin makaranta, kuma mutum ne mai son cikinsa, wannan ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Shi kuwa Bafulatani ne na asali, irin waɗanda kunya ta fi musu abinci. A wurinsu dattijo ba ya cin abinci a gaban mijin 'yarsa, ba ya ci a bakin titi, ba ya ma nuna cewa yunwa ta san hanyar cikinsa. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa ban taɓa ganin bakinsa yana motsi ba sai da tasbihi. Da can abin dariya yake ba ni, don ba gida ɗaya muke ba.

Matata ta yi dabara iri-iri. Ta kai masa abinci ɗaki ta ja ƙofa, ni kuma in fita in bar gidan, amma kwano ya dawo yadda ya tafi. Wani lokaci za ka ga ya gutsuri loma biyu daga gefen tuwo, sannan ya shafe wurin da bayan cokali kada a gane. In an tambaye shi ya ce ya ƙoshi, alhamdulillahi. Kunun gyaɗa kawai yake kurɓa da safe, shi ma rabin kofi. Sai daga baya na fahimci ba idona kaɗai yake jin kunya ba, har da kwanon. In kwano ya fito wayam, kowa a gidan ya san dattijo ya zauna ya cinye tuwon surukinsa, shi da ya saba ciyar da gida guda.

Cikin mako uku hularsa ta fara saukowa har kan kunne. Wata rana ya tashi daga sallar la'asar jiri ya kwashe shi, sai da ya dafa bango. Likita ya duba shi ya ce ba komai ba ne illa yunwa. Da muka dawo matata ta ja ni kicin ta ce, "Ya tsira daga bindiga, yanzu a gidana yunwa za ta kashe shi." Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji haushinsa, har na fara shirya wa'azin da zan yi masa a kan cewa jiki amana ne. Allah ya so ni ban yi ba.

Dabarar ba ni na ƙirƙiro ta ba, cikina ne. Da yammar nan na ɗauke shi mu je sayen maganin da likita ya rubuta. A hanya na tsaya wurin mai tsire na yi wa kaina guzuri, tsinke biyar a takarda, na ajiye tsakanin kujerunmu na shiga kemis. Layi ya riƙe ni. Da na dawo na tarar da Baba zaune ƙyam yana kallon gaba yana jan carbi, takardar na nan a naɗe yadda na bar ta, sai dai ta rame. A gemunsa kuwa ga garin ƙuli-ƙuli ja-ja-wur. Na tayar da mota, na cije leɓe har muka iso gida, don in na yi dariya na san shi ke nan.

Abincin titi ba shi da kwano. Ba wanda ya dafa shi don kai, ba wanda zai wanke bayanka ya ƙirga lomarka.

Washegari bayan la'asar na sa babbar riga na tsaya a ƙofar ɗakinsa, na ce tunda Allah ya kawo shi birni bai kamata ya koma bai ga gari ba, ya zo in zagaya da shi. Lokacin akwai dokar hana fita, dole kowa ya shige gida da wuri, saboda haka masu suya suka koma kunna wuta tun rana na sama. Tsakanin la'asar da magariba Jimeta takan cika da hayaƙin nama da ƙaurin mai, kowa na sauri ya sayar ya tashi. Wannan ɗan lokacin shi ne namu.

Na zama ɗan jagora. Na nuna masa filin jirgi daga nesa, na kai shi Tafkin Geriyo ya ga masunta na janye komarsu, muka bi ta Damilu, muka hau tudun Dogire ya hango gari a ƙasa. Abin da na sani in faɗa, wanda ban sani ba in ƙirƙira. Na yi ta zuba masa tarihin gadar Binuwai, shi da ya tsallaka kogin nan da shanu tun ba a haife ni ba, yana ta gyaɗa kai yana cewa "to, to." A kowane wuri sai in tsaya in sayi wani abu, wai na yara ne, in ajiye tsakanin kujeru, in ce, "Baba, bari in ga wani mutum." In fita in laɓe bayan wani shago ko gindin darbejiya, in ba shi minti goma sha biyar. In na dawo sai in yi gyaran murya tun daga nesa.

Bai taɓa cinyewa duka ba, yakan bar kaɗan don takarda ta riƙe siffarta. Ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa cewa komai ba, sai wata rana da muke komawa ya ce, "Malam, mutumin nan naka yana da gidaje da yawa a garin nan." Na ce ai mai hali ne. Ya ce in gaishe shi.

Ba a jima ba ya karɓe jagorancin daga hannuna. Shi zai faɗi abin da yake son gani, ni kuma da sannu na gano lissafin. In ya ce a koma Damilu, masar wata tsohuwa ce da ke kan kwana. In ya ce bai ga shataletalen nan da kyau ba, balangu ne. Filin jirgi sau ɗaya muka je bai sake tambaya ba, don awara na saya a wurin. Amma abin da ya fi ƙauna shi ne gada. A gangaren da ke kusa da ita akwai wata mata 'yar Numan mai soya kifi, tarwaɗa da karfasa, tana barbaɗa musu wani yaji da har yau ban san sirrinsa ba. Kwana huɗu a mako sai Baba ya nemi ganin gada. Ran Lahadi ne kaɗai gadar ba ta burge shi, don matar coci take zuwa.

Hula ta fara komawa mazauninta. Matata ta zo wanke rigarsa ta tarar da ƙayar kifi a aljihu, naɗe cikin takarda tsaf, ta zo ta nuna mini tana dariya hawaye na zuba. Na ce ta mayar da bakinta ta rufe, ba ta ga komai ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne halin da gari yake ciki. A makonnin nan an fara jin tashin bam a cikin Jimeta, kowa a tsorace yake. Mutum ya faka mota kusa da taro, ya ajiye ƙunshi a ciki, ya fita da sauri ya laɓe bayan shago yana leƙe, ai ko ni na gan shi sai na kira hukuma. Wata yamma ina laɓe a bayan shagon mai faci kusa da gada, sai na ji ƙarfe mai sanyi a bayana. Soja ne, da 'yan banga biyu. Mutane sun riga sun watse daga wajen motar, Baba kaɗai ne bai san abin da ake ciki ba, don ya sunkuyar da kai yana aiki.

Sojan ya tasa ni gaba, hannuwana a sama, ya ce in buɗe motar in fito da abin da na ajiye. Na yi taku kaɗan, na hango hannun Baba ya nufi baki, sai kawai na juya wa motar baya. Ban yi shawara da kowa ba, jikina ne ya juya. Sojan ya daka mini tsawa da Turancin bariki ya ce in fuskanci motar. Na ce ya yi haƙuri, ba zan iya kallon wajen ba. Wannan amsa ta ƙara dagula lamarin, na ji ya gyara riƙon bindiga.

Mai kifi ce ta cece ni, kuma ita ta kashe ni. Ta taso da matsamin suya a hannu, da muryar nan tata da ake ji har tsallaken kogi, ta ce, "Oga, bar shi! Surukinshi ne a ciki. Kullum yana saya mishi kifi, yana zuwa ya ɓoye don tsoho ya ci. Fulani ne, ba ya ci a gaban mijin yarinyanshi."

Ashe duk layin sun daɗe da sani. Sojan ya leƙa ta taga, ya ga dattijo da rabin tarwaɗa a hannu, ya sauke bindiga ya fashe da dariya. 'Yan banga suka kama, mai faci ya kama, har masu keke da suka tsaya kallo. Sojan ya sara wa Baba ya ce ya ci abincinsa lafiya. Baba ya ajiye kifin, ya naɗe takardar a hankali, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Na shiga na ja mota muka koma gida. Da dukan tsiya sojan ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku bai fito yawo ba, kunun safen ma ya daina taɓawa. Na kasa haɗa ido da matata. Na zauna ina zagin kaina, ni da wayona na tsirar da mutum daga kwano ɗaya na kai shi gaban kasuwa guda.

Rana ta huɗu na dawo daga sallar la'asar na same shi tsaye jikin mota, ya sa hula. Bai dube ni ba ya ce, "Gadan nan, ban gama ganinshi ba."

Muka je. Mai kifi ta naɗe mini manya biyu, ko wajen motar ba ta kalla ba, ita ma jikinta ya yi sanyi. Na ajiye takardar tsakanin kujeru, na kama murfin ƙofa na fara karatuna na kullum. Ya katse ni.

"Mutumin nan naka ya tashi daga unguwan nan, Malam. Zauna, kada su harbe mini kai. Kai dai ka duba ruwa."

Na juya na duba ruwa. Ban taɓa kallon Binuwai da natsuwa irin ta ranar ba, na ƙirga kwalekwale, na ƙirga masu ɗiban yashi, kunnena kuwa na kan takarda tana ƙara. Can sai na ji abu mai ɗumi ya taɓa gwiwar hannuna. Rabin kifi ne, wajen kai, inda ya san na fi so, ban san yaushe ya lura ba. Na karɓa ban waiwaya ba. Muka ci, kowa na fuskantar tagarsa, yajin ya sa ni hawaye fiye da yadda ya saba.

Da aka ƙwato garinsu ya koma, ya sake rufa ɗakunan da aka ƙone. Bara na kai masa jikokinsa hutu. Ya tsufa sosai, sai da sanda yake tafiya. Aka kawo mini tuwo da miyar kuka da man shanu a ɗakin baƙi, sai ga shi ni da ban taɓa mayar da kwano da saura ba, na kasa ci. Gidan suruki ne, kuma na san ta tsakar gida kwanon zai bi. Na gutsuri loma biyu na shafe wurin da cokali.

Bayan la'asar ya aiko a ce in fito da mota zai nuna mini gari. Babu abin gani sosai, sabon rufin kwano a kan tsohon bango, makarantar da aka sake fenti, da kangayen waɗanda ba su dawo ba. Ya yi ta faɗa mini gidan wane ne wannan, wancan kuma na wane. A bakin tasha ya sa na tsaya, ya sauka da kansa ya sayo balangu mai zafi, ya ajiye tsakanin kujeru.

"Malam," ya ce, "bari in ga wani mutum."

Ya dogara sandarsa ya tafi a hankali, ya laɓe bayan wata katanga da rabinta ya rushe. Katangar ba ta kai tsawonsa ba, ina hango hularsa ta sama. Na cinye naman tas, na naɗe takardar na sa a aljihu, na zauna ina jiran gyaran muryarsa.