Farantin da Ba Nawa Ba

Cikina na fari a New York na yi shi, farkon shekarun saba'in, lokacin maigidana yana aikin ofis a Manhattan. Wata huɗu ba abin da ke zama mini, ko shayi sai ya dawo. Likita ya auna ni, ya ce wa maigidan in ban fara ci ba cikin mako biyu, cikin zai iya zubewa. To me zan ci? Abincin mutanen nan lami ne, ba yaji ba gishiri, ga ni ba uwa ba 'yar'uwa balle a dama mini kunun tsamiya.

Wani abokin aikinsa ɗan Damagaram ne ya ce akwai wata tsohuwa Ba'indiya mai sayar da abinci a Staten Island, tana zuba yaji kamar na gida. Ranar Asabar bayan azahar muka hau jirgin ruwa.

Wurin bai yi kama da New York ba ko kaɗan. Unguwa ce shiru kamar ƙauye, a kan tudu, ko kare ba ya haushi. Shagon tebur biyar ne, ba kowa a ciki, sai ƙamshin turare da man shanu. Maigidan ya leƙa ta baya neman mai wurin. Ni kuwa na hango faranti a teburin lungu: shinkafa da wata miya rawaya tana tururi, ga kofin ruwa, ga 'yar fitila tana ci da rana tsaka.

A gidanmu na Kano, baƙo in ya tarar an ajiye kwano ba ya tambaya, ƙin ci ma shi ne wulaƙanci. Na ce a raina, Allah sarki, sun hango mu muna hawa tudu. Na zauna, na yi bisimilla, na sa hannu. Wallahi tas na cinye, har da suɗe yatsa.

Da na ɗago kai sai na ga hoto a bango daidai saman teburin, wata yarinya sa'ata, an rataya mata furanni. Tsohuwar tana tsaye a ƙofar kicin cikin farin zane, ban san tun yaushe ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta zo ta dafa kaina, ta sauke hannun kan cikina, ta yi wa maigidan magana da Turanci a hankali. Na ga fuskarsa ta sauya.

Sai a jirgi na matsa masa. "Malam, me ta ce?"

"'Yarta ce a hoton," in ji shi. "Ta rasu da ciki, ita ma ba ta iya cin abinci. Farantin nata ne, ita ake ajiye wa. Cewa ta yi yau dai 'yar tata ta ci." Sannan ya ce, "Ba za ki ƙara taka wurin nan ba."

Na yi ta karanto addu'a har muka sauka. Amma abincin ya zauna. Washegari na dafa tawa shinkafar, ta dawo. Kwana uku ina haka, ran na huɗu da ya tafi ofis na yafa mayafina na hau jirgi. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, amma tsoron rasa cikin ya fi.

Farantin yana nan yana tururi. Ban faɗa mata zan zo ba, ba mu da yaren da za mu yi magana ma. Haka na yi ta zuwa wata biyar a ɓoye, wani lokacin Talata, wani lokacin Alhamis, da gangan nake sauya rana da lokaci don in kama ta. Ban taɓa tarar da shi da sanyi ba. Takan zauna gabana ta zuba mini ido har in gama, tana kirana da wani suna da ba nawa ba. Ni kuma, don rashin ta-ido, ina amsawa.

Na haifi 'ya mace lafiyayya. Da na yi arba'in na goya ta na tafi yin godiya, da turmin atamfa a jaka. Na tsaya a ƙofar gilashi na leƙa. Faranti biyu ne a teburin, babba da wani ɗan ƙarami, duk suna tururi. Tsohuwar ta taso da hannu biyu a miƙe, idonta ba a kaina yake ba, a kan goyona yake.

Na juya na gangara tudun nan da sauri, atamfar tana jakata. Ban waiwaya ba, ina jin tana kiran sunan nan har na sha kwana. Matar da ta ciyar da ni wata biyar ke nan, ban bari ta ga fuskar yarinyar ba. Har yau abin yana damuna, kuma har yau na san da za a sake, haka zan yi.