Ashanar da ke damtsena da wankan jego

Shekarun baya, lokacin da na haifi ɗana na fari, na koma gidanmu a unguwar Boukoki don wankan jego. Ina da cutar sida, mijina ma haka, kuma bayan mu biyu da ma'aikatan likita babu wanda ya sani.

Ni mace ce mai son tsari. Kafin a sallame ni, sajfam, ungozomar asibitin, ta ce jinina ya yi ƙasa, gara jikina ya huta kafin wani ciki. Na shawarci mijina, ya yarda, aka sa mini ashanar tsarin iyali a ƙarƙashin fatar damtse. Na tsara komai: ƙwayoyina a ƙasan akwati, siron maganin jariri cikin safa, rigunana duka masu dogon hannu. Wanka ne kawai na manta. Duk wayona ban tuna cewa ba a wankan jego da riga ba.

Mahaifiyata ce ke yi mini. Ta tafasa ruwa, ta tsoma ganye, ta bi jikina tana dannawa gaɓa bayan gaɓa. Kwanakin farko na riƙa matse hannun hagu a jikina, ina cewa wurin allura ne ke ciwo. Abinci ba ya shiga. Na san idan ta taɓa za ta tambaya, kuma tambaya ɗaya za ta jawo ta biyu. Ga shi an ce gwaggona za ta karɓe ta wankan a mako mai zuwa, matar da ke sayar da kayan yaji a kasuwar Petit Marché, wadda labari ba ya kwana a bakinta.

Wata safiya mahaifiyata ta kama hannun da ƙarfi.

"Miƙo nan. Hannun zinariya ne da ba a taɓawa?"

Yatsanta ya tsaya a kan ashanar. Ta murza ta a hankali.

"Ke, mene ne wannan? Haihuwa ɗaya har kin gaji?"

Na shirya ƙarya kala-kala, ko ɗaya ba ta fito ba. Na ce, "Inna, ina da sida. Ina shan magani. Likita ta ce in huta tukuna."

Ina jira ta ajiye ganyen ta fita.

"Yaron fa?"

"Yana shan nasa. Sai an yi gwaji za a sani."

Ta sake tsoma ganyen. "Juya bayanki, ruwa na hucewa."

Da gwaggona ta zo da ƙullin yajin jego, tana naɗe zani, mahaifiyata ta tare ta a ƙofar makewayi. "Je ki dama mata kunun kanwa. Hannunki zafi gare shi, kin kusa ƙona ni a nawa jegon." Suka yi ta musu, amma har aka yi arba'in babu wanda ya ga damtsena sai mahaifiyata.

Gwajin yaron ya fito lafiya, yanzu yana karatu a lakwal. Mahaifiyata ba ta sake ɗauko zancen ba, ko sau ɗaya. Na daɗe ina zaton tsarina ne ke rufa mini asiri, ashe ita ce. Har yau idan na shafa ɗan tabon nan, sai in ji muryarta tana cewa in juya bayana.