Hannun Inna Luba

A Tungar Guru, in ka cire tsofaffi da baƙi, da wuya ka nuna mutumin da ba hannun Inna Luba ne ya fara taɓa shi ba. Ita ce ungozomar garin tun tana da ƙarfin tsallake katanga in naƙuda ta yi gaggawa. Gajera ce, ga faɗa kamar me. Magidanci da gemunsa zai ɗaga mata murya, ta dube shi sheƙeƙe ta ce, "Kai da nig gani tsirara kana tsala ihu?" Shi ke nan, maganar ta mutu.

Wancan zamani ya yi daɗi. Suna bayan suna, kaurin tuwon shinkafa ko'ina, Inna Luba na tafe da ƙafar rago a kwano tana mitar an ba ta mai ƙashi. Ta yanke cibi, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta koya wa mai jego zama.

Sai shekarar dalma ta zo. Maza na kawo dutsen zinariya cikin gida, ana daka, ana niƙa, yara na rarrafe a wurin. Kafin a gane gubar dalma ce, ƙananan kaburbura sun yi layi a bayan gari. Duk Inna Luba ta san yaran da ke ciki, ita ta yi musu wankan farko. Ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar gidaje suka zuba sabuwa, amma ita abin bai kankaru a ranta ba. Ta naɗe rezarta a tsumma, ta ce hannunta ya gama taɓa jariri. Kullum in ta idar da sallar walaha sai ta zauna tana kiran sunayen yaran nan ɗaya bayan ɗaya. Har faɗan ma ta daina, kuma wallahi garin ya yi kewar faɗan.

Ana nan, bayan wasu shekaru, Karima ta dawo gida goyon ciki. 'Yar maƙwabta ce, ita ma haihuwar hannun Inna Luba, wadda karatu ya kai Sakkwato, daga can ya wuce da ita Afirka ta Kudu. Da hantsi ta shigo da tsohon cikinta, ta durƙusa da ƙyar ta gaishe ta.

"Inna, asibitin Gummi za ni haihuwa. Amma ke nika so ki yi ma ɗana wanka."

"Ki nemi wata, ɗiyata," in ji Inna Luba. Don ta kawar da zancen ta ƙara, "Wai mi kika yi can ƙasar mutane?"

"Haihuwa nika ƙirgawa, Inna. Ta taurari."

Tsohuwa ta riƙe haɓa. Yau ga ƙarya da digiri! Karima ta yi dariya, ta yi mata bayani dalla-dalla. Taurari garke-garke suke, kuma akwai garken da nisansa ya sa ba a iya rarrabe na cikinsa. Sai a kafa manyan faya-fayen ƙarfe a daji suna sauraren sama, kamar yadda rediyo ke kama tasha. Manyan taurari ba sa daɗewa, da wuri suke fashewa, kuma su ne ke barin amon da faya-fayen ke kamawa.

Fuskar Inna Luba ta canza. "Ashe can ma matattu aka ƙirga."

"Da su muka farawa, Inna, don su aka ji. Amma duk guda da yam mutu da wuri, an haifi ɗaruruwa tare da shi, suna nan da ransu, ba su da amo. In nit tsaya ga waɗanda nika ji, lissafina bai cika ba."

Inna Luba ta jawo ƙwaryarta. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta har Karima ta gaji ta tafi. Sai da aka taso 'yan firamare, suka wuce ƙofar gidanta da hayaniyarsu, ta ɗaga kai. Shekara da shekaru suna wucewa nan, ita ba ta dubansu. Ga Shitu mai kunnuwa. Ga Bilkisu da ta fito ta ƙafa. Ga Lauwali a baya, dalma ta taɓa masa kai, yana tafe a hankali yana yi wa kowa murmushi.

Ranar da aka dawo da Karima daga Gummi da ɗa namiji, tun kafin a sauke kaya aka ji murya daga zaure: "Wa yad ɗora ruwan ga? Ɗan mutum za a wanke ko kaza za a fige?" Mata suka dubi juna, wata ta rangaɗa guɗa.

Inna Luba ta shigo ta zauna ta miƙe ƙafafu, aka ɗora mata yaron. Ta yi bisimilla ta ɗebi ruwa. Leɓenta ya fara motsi da sunayen nan na kullum, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da ta kai na ƙarshe, inda ta saba yin shiru, sai Karima ta ji ta ce Shitu, ta ce Bilkisu, ta ce Lauwali, ta ce Karima. Ruwan wankan ya huce ba ta kai ƙarshe ba.