Ranar da Gudel Ta Zama Ja

Shekarar da nake rubuta memwar ɗina, wato kundin kammala karatu a jami'a, aikina shi ne auna ruwan rijiyoyin masu lambu a unguwar Gudel. Na zana taswira a ordinata, wato kwamfuta: ja ga rijiya mai dauɗa, kore ga mai tsafta, launukan shara-shara don a riƙa hango lambunan ta ƙarƙashinsu. A allo ta fito tsaf. Jajayen tsiraru ne.

Malamin da ke duba aikina ya ce sai na adana masa ita a wani tsohon tsarin fayil da ya koya tun yana ɗalibi a Turai, wai shi ne na masana. Ashe tsarin nan bai san shara-shara ba. Ja ne aka shafa daga ƙarshe, sai ya yi kauri ya danne kore, ya danne lambuna, har bakin kogi. Gudel ta zama kamar an kifar da kwanon manja.

Malam ya gani ya washe baki, har da ɗan Faransancinsa. "Wala! Wannan shi ne rezilta, sakamako na gaske!"

Na yi kwanaki ina tonon manhajar har na gano matsalar, na gyara, na kai masa ina murna. Ya dubi korayen kamar na sace masa akuya.

"Malam, waccan kuskure ce."

"Ɗalibi, an riga an buga ta a babban ƙyalle don taron atiliye. Baƙi na zuwa. Wa zai taso daga nesa ya kalli kore?"

Raina ya ɓaci, amma sa hannunsa nake jira.

Ranar taron manya suka yi ta gyaɗa kai gaban ƙyallen, suna shan lemo, suna maganar a rufe rijiyoyin duka. An gayyato masu lambu don hoto. Cikinsu akwai dattijon da ya fara buɗe mini lambunsa, wanda rijiyarsa ta fi kowace tsafta, kuma da ita yake ci da gidansa. Ya jawo hannuna.

"Ɗana, ina tawa a nan?"

Na ɗora yatsa a tsakiyar jan.

Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "To me ya sa ka ce mini in ci gaba da ba jikokina ruwanta?"