A Tankaɗe Kafin a Zubar

Da hantsin wata Laraba, ina shanyar kaya a gidana na Kano, wayar ƙanwata Saude ta shigo. Ba ta tsaya gaisuwa ba, abin da ba halinta ba ne. "Yaya, sai haƙuri," ta ce. "Inna ta cika." Na yi salati, na zauna a bakin rijiya da jiƙaƙƙen zane a hannuna. Allah Ya gani, abin da ya fara faɗo mini a rai wata baƙar tukunyar ƙasa ce, da gafarar da na shekara uku ina cewa gobe zan nema.

A motar Karaye na jingina kaina da taga. Gonaki suna wucewa, dawa ta fitar da kai, ni kuwa tsakar gidanmu na ƙuruciya nake gani. Hayaƙin murhu yana hawa a hankali ta cikin ganyen zogale. Ledojin da aka wanke suna jere a igiya, iska tana kaɗa su, rana tana ratsa su. Inna tana duƙe a gindin zogalen tana tsiyaye masa ruwan wanke-wanke, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar wani jikanta.

Mahaifiyarmu 'yar Rogo Ruma ce, aure ya kawo ta Karaye. A gidanta ba abin da yake mutuwa sau ɗaya. Zani ya tsufa ya zama majanyi, majanyi ya zama gammo, gammo ya ƙare a tsumman goge tukunya. Ƙanzo a jiƙa shi a yi kwaɗo. Dusa ta awaki ce, ɓawon gyaɗa na murhu ne, toka kuma a tace ta a samu ruwan tokar miya. Abin da ya tsira daga duk wannan sai ya tafi juji, ya ruɓe, a kwashe shi zuwa gona kafin ruwan fari. Mu yara mukan ce ko inuwa Inna ta samu sai ta ninke ta ta ajiye. Takan yi murmushi ta ce, "Abin da ka zubar bai tafi ba, ƙofar wani ya koma."

Leda ce kaɗai ta yi wa gaba. Wata shekara akuyarta mai ciki ta rame ta daina cin abinci, da aka yanka sai mahauci ya zaro dunƙulen leda daga tumbinta. Tun ranar, in za ta kasuwar Karaye da kwandonta da kwalabenta take tafiya. Mai manja ya miƙo leda, ta miƙa kwalba. "Hajiya, kyauta ce fa," yakan ce. Ita kuwa ta ce, "Ɗan nan, na taɓa biyan kuɗinta da akuya." Wadda ta tsinta a hanya takan wanke ta, ta yi ta aiki da ita har ta yage.

Ni ce 'yarta ta fari, don haka akwai kunya tsakaninmu irin ta mutanen da. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Waccan" take ce mini, da na yi aure na zama "waccan ta Kano". In tana son in ci abinci sai ta ce, "Saude, akwai wadda ba ta ci ba." Ƙaunarta ta bayan gida take zagayowa, amma ba ta taɓa ɓata hanya ba.

Shekara uku da suka wuce, da bazara, na zo gida na tarar ta tafi suna Rogo. Na leƙa ɗakinta na ga gwangwanaye da kwalabe da ƙullin tsumma har ƙarƙashin gado, sai birni ya motsa mini. Na ɗaura ɗamara na ce yau zan fitar da Inna kunya. Na share, na goge, na kwashe. A bayan gado na sami baƙar tukunya an liƙe bakinta da laka. Na fasa liƙin na ga toka ce cike, na ce ikon Allah, har toka ake yi wa ɗaki. Na kai ta juji na kife, awaki suna biye da ni.

Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana duban bayan gadon. Sannan ta ce, "Saude, ɗaki ya yi kyau." Sai da yamma Saude ta ja ni gefe ta gaya mini abin da na zubar. Irin wake ne aka binne cikin tokar don kada ƙwari su huda shi, wani ɗan ƙaramin jan wake mai saurin nuna da Inna ta zo da shi daga gidansu ranar da aka kawo ta, na mahaifiyarta ne. Kowace damina takan shuka shi ta mayar da sabo cikin tukunyar, kuma duk dangi ba wanda ya rage da shi sai ita. Garin neman gira na rasa ido. Washegari na gudu Kano.

Na yi ta zuwa bayan nan, da atamfa, da turare, da magani. Sau da yawa na durƙusa gabanta da maganar a bakina, sai ta kawar da kai ta tambayi Saude ko an ba awaki ruwa, ni ma in haɗiye. Na ɗauka lokaci yana nan. Wannan ne ya fi ci mini rai a zaman makoki, fiye da yadda zan iya faɗa wa masu ce mini sai haƙuri.

Bayan addu'ar uku mutane suka ragu. Ina zaune a gindin zogale, Saude ta zo ta ajiye wani tsohon gwangwanin madara a cinyata. Ta ce, "Yaya, bayan kin tafi waccan shekarar, kwana huɗu Inna ta yi a juji da rariya. Abin da awaki suka bari bai cika tafin hannu ba. Ta hana a kwashe gefen nan zuwa gona, ta kewaye shi da ƙaya, da ruwa ya sauka wasu suka tsiro. Damina uku tana tara shi."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba, Saude?"

"Ita ta hana. Ta ce sai ya kai abin bayarwa. Ranar Litinin ta sa na ɗauko shi, ta ce, 'Ki ba waccan ta Kano. Ki ce mata ta riƙa tankaɗewa kafin ta zubar.' Tana faɗa tana dariya, wallahi."

Na buɗe murfin. Toka ce fal, mai laushi, da ƙamshin murhunmu. Na nutsa yatsuna a ciki sai na ji su, ƙanana, masu santsi. A nan na yi kukan da na kasa yi tun Laraba.

Ya Allah, baiwarKa Ramatu, Innarmu, ta komo gare Ka, ba ta wulaƙanta ko ƙwaya ɗaya daga ni'imarKa ba. Ka jiƙanta, Ka yafe mata kamar yadda ta yafe mini tun ban roƙa ba. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba Saude da sauran 'yan'uwa da jikoki haƙurin wannan rashi, Ka kyautata namu ƙarshen. Ka kuma ara mini kwana in ga ruwan fari, in kai wakenta ƙasa da hannun da ya zubar da shi. Amin.