Awa Biyun da Na Bar wa Saratu

Shekara talatin da bakwai ke nan da muka binne Saratu, matar yayana Bulus, a wata maƙabarta da ke bayan garin Laurel a jihar Maryland. Duk shekara nakan ɗauki biro in rubuta wani abu a kanta, sai in ajiye. Na yi mata alkawarin riƙe wata magana muddin Yaya yana raye. Bara shi ma ya bi ta, shi ya sa bana bakina ya buɗe.

Saratu nas ce, 'yar Kafanchan. Ta zo Amurka a farkon shekarun 1980 tare da Yaya, wanda yake aikin ofis a Washington, yana bin jirgin ƙasa safe da yamma. Ɗaki biyu da falo suke haya, amma gidan nan zango ne. Duk wanda ya sauka daga Kaduna ko Jos da akwati da lambar waya a 'yar takarda, can ake kai shi. Ban taɓa shiga na tarar da doguwar kujerar falo babu bargon wani a kanta ba. Ni kuwa ina karatu a jami'a ina jan tasi, ranar Lahadi kuma ba a rasa ni a gindin tukunyarta. Wasan ƙanin miji muke yi sosai. Ina ce mata "matarmu", tana ce mini "Ci-ka-gudu", don ban taɓa wanke kwano ba.

Wata Lahadi a watan Janairu, mun taso daga coci muna cin tuwo, ta ce ta kama musu ɗaki na kwana biyu a wani masauki a kan duwatsun yammacin jihar, inda dusar ƙanƙara take kaiwa gwiwa. Kowa ya yi mamaki, domin Saratu ba ta san hutu ba, sanyi kuma abokin gabarta ne. Yaya ya juyo ya ce, "Ishaku, bismillah mana, mu je."

Jama'a, wa bai san tayi ba? Tun muna yara an koya mana cewa in mutum zai fita da matarsa ya ce maka bismillah, amsar ita ce, "Na gode, a dawo lafiya." Ni da girmana, da gemuna, na buɗe baki na ce, "To, ni zan ja motar." Ludayin miya ya tsaya a hannun Saratu. Sai ta yi dariya ta ce, "Ci-ka-gudu, yau kuma ka ci ka zauna." An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa tuwona nake kallo.

Masaukin gidan katako ne a tsakiyar dogayen itatuwa, ko'ina fari fat, ga shiru har kana jin numfashinka. Baƙin duk biyu-biyu suke, mata da miji. Matar da ke ba da makulli ta ƙirga mu da ido, ta sake ƙirgawa. Babu sauran ɗaki, sai aka shimfiɗa mini gadon naɗi a ɗan falonsu, kusa da murhu. Ko wannan bai sa na ji kunya ba.

Haka na yi ta bin su kamar jela. Suka je karin kumallo, ina nan. Suka fita taka dusar, ina tsakiya ina jifan Yaya da dunƙulenta. Muka dawo gaban murhu, ni da shi muka dasa hirar siyasar gida, soja da farar hula, har aka kira abincin yamma. Sau biyu Saratu tana ce mini, "Ba za ka je ka gwada sulun da ake yi a gangaren can ba?" Na ce ƙafafuna biyu ne kacal, kuma ina son abina. Yaya ya ce, "Ƙyale shi ya zauna." Na ga ba ta cin abin kirki, na ga tana tsayawa ta huta a tsakiyar matakala. Na ɗauka sanyi ne.

Ranar komawa da hantsi, Yaya ya shiga wanka, ta kira ni baranda ta miƙo mini makullin mota. Ba ta ce Ci-ka-gudu ba.

"Ishaku, likita ya ga ciwon daji a cikina, kuma ya yi nisa. Ban faɗa wa yayanka ba. A gidanmu babu kusurwar da ba kunnen wani, shi ya sa na kawo shi nan. Ƙarfe sha biyu za mu mayar da makullin ɗaki. Don Allah ka ba ni mijina zuwa lokacin."

Na karɓi makullin motar. Ta ƙara da cewa, "Kuma kada ya taɓa jin cewa ka riga shi sani."

Na yi mata alkawari. Allah ya sani, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na duba agogo, ƙarfe goma. Baiwar Allah ta haɗa aikin dare da na rana a asibiti don ta samu kwana biyu da mijinta, na zo na cinye, na bar mata awa biyu. Na gangara wani gidan mai a gindin dutsen, na kashe mota, na kifa kai a kan sitiyari na yi ta kuka. Da na dawo na hango su a kan wani benci, dusar tana sauka a kansu, Yaya yana riƙe da hannuwanta biyu. Tunda aka ɗaura aurensu ban taɓa ganin ya riƙe hannunta ba sai ranar. Ta rasu lokacin da ganye ya fara zuba, ba ta sake ganin wani sanyin ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan. 'Ya'yanmu suna zuwa irin wannan masaukin, ba sa yi wa kowa tayi, sai dai mu ga hoto a waya. Ina jin za ta ce sun fi mu wayo. Amma da ta gan su zaune gefe da gefe, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, za ta ce ai waɗannan gari guda suka tafi da shi a aljihu, gara nata Ci-ka-gudun, ana iya ba shi makulli ya tafi. Gidajenmu kuma sun yi girma a garuruwan Largo da Laurel, ɗakin baƙi a kulle, falo babu bargon kowa. Wannan kam ba zai yi mata daɗi ba, domin ita ba ta taɓa gajiya da mutane ba. Sau ɗaya tak ta nemi a ba ta wuri.

Bara, makonni kaɗan kafin Yaya ya rasu, na je duba shi a asibiti. Ina gyara masa matashi ya ce, "Har yanzu kana ɗauke da maganar dutsen nan?" Na ci gaba da gyaran matashin. Ya ce, "Na san ta gaya maka, idonka ya nuna da ka dawo. Sauke kayan nan, ba naka ba ne kai kaɗai. Na ga takardar asibiti a jakarta tun kafin Kirsimeti. Na san abin da za ta kai ni ta faɗa, na ji tsoro. Ba tayi na yi maka ba, ɓuya na yi a bayanka, don na san ba ka ƙin tayi." Ban ce e ba, ban ce a'a ba, alkawari alkawari ne. Na dai riƙe hannunsa.

Maza biyu ke nan, ɗaya da kwaɗayi ɗaya da tsoro, muka fake da al'ada. Mai ciwon ita ce ta iya buɗe baki. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne, amma akwai maganar da in ta daɗe a ciki sai ta rasa ranar fita. Saratu ta san haka, mu ba mu sani ba.

Babu ginin da ke ɗauke da sunanta. Waɗanda suka kwana a falonta sun zama kakanni, har yau kuma in an ambace ta sai su ce Allah ya ba ta hutawa. Ni abin da ta bar mini ƙarami ne. Duk Janairu nakan ɗauki matata Rifkatu mu hau dutsen nan, mu biyu, ba na yi wa kowa bismillah. In mun zauna gaban murhu sai in kashe waya in ce, "Ga ni. Akwai magana?" Yawanci dariya take yi ta ce babu. Duk da haka nakan zauna in jira, har kwana biyun su cika.